Sarkin Layi da 'Yar Kwano

Shekara talatin da ɗaya maƙwabcina ya yi yana tsaron layi a ƙofar wani asibiti. Ba ya allura, ba ya ba da magani. Tsayuwa yake da farar riga da usur a wuya, yana raba lamba yana cewa, "Baya! Wanda ya zo yanzu ya koma baya." Shi ya sa unguwa ta sa masa Sarkin Layi, har muka manta ainihin sunansa. An ce wata rana surukarsa ta je da ciwon haƙori, ya durƙusa ya gaishe ta har ƙasa, sannan ya miƙa mata lamba arba'in da bakwai. Ni kafinta ne, karatuna bai yi nisa ba, amma katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma abin da zan faɗa da ƙafata na tsaya a cikinsa.

Shi da matarsa, wadda muke kira Mai Ɗinki, Allah bai ba su haihuwa ba. Da ya ajiye aiki suka yi ta zirga-zirga ofis-ofis, har aka ba su riƙon wata yarinya daga gidan marayu, 'yar shekara biyu da 'yan watanni. Ni na yi mata gado, na goge kusurwoyinsa don kada su yanke ta. Sai dai ofis ya kafa sharaɗi: bayan wata uku za a turo ma'aikaciya ta auna yarinyar, ta ga zamanta. In ba ta saba ba, za a mayar da ita inda ta fito.

Da abu ɗaya ta zo, wani koren kwanon roba da take rungumewa ko tana barci, shi ya sa muka ce mata 'Yar Kwano. Ba ta kuka, ba ta magana, kuma ba ta cin abinci. Mai Ɗinki ta ɗora ta a cinya, ta yi rarrashi, ta mayar da cokali jirgin sama, duk a banza. Yarinya sai ta sauka, ta je nesa da ƙofar kicin ta tsaya da kwanonta. Kwana biyu ruwa da madara kaɗai ta yarda da su.

Rana ta uku Sarkin Layi ya ƙura mata ido ya ce, "Wannan tsayuwar na san ta. Ƙafa a haɗe, ido a ƙeyar mutumin da babu. Layi take bi."

Ashe a gidan marayu jera su ake yi bisa tsawo kafin a zuba abinci, ita kuma ita ce ƙarama, kullum ita ce ƙarshe. Ba ta taɓa ganin abinci ya zo mata ba sai ta bayan mutane. Ya ɗauki faranti ya tsaya a gabanta. Ta leƙa ta gefensa, ta ga mutum ɗaya ne, ta ƙi motsi. Sai na ji muryarsa ta kan katanga: "Kafinta, taho da kwanonka, kada ka tambaye ni dalili."

Biyu ba su isa ba. Aka kira Mai Askin unguwa, aka kira maƙwabcinmu Direba, tana nan ƙikam. Sai da Mai Gyaran Rediyo ya cika mu biyar, aka zuba wa kowa shinkafa ya matsa gefe, sannan ta taka a hankali ta miƙa kwano da hannu biyu. Ta cinye tas, har da lashe cokali. Mai Ɗinki ta juya wa tukunya fuska, kafaɗunta suna rawa.

Daga ranar, sau uku a yini Sarkin Layi zai hura usur, mu kuma kowa ya saki abin da yake yi. Mai Aski ya sha barin mutum da rabin kai, har wata rana mai rabin kan ya biyo shi ya ga abin da ya fi askinsa muhimmanci, aka ba shi kwano shi ma. Mai Ɗinki takan ce, "Ni 'ya ɗaya na roƙa, aka haɗa mini da ƙarti masu gemu." Don in sauƙaƙa wa kowa, na yanka mutane uku na katako, na sa musu tsofaffin riguna. Yarinyar ta ƙwanƙwasa ƙafar ɗaya, ta ɗaga kai ta dube ni, ta ajiye kwano a ƙasa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

A wata na biyu kumatu suka fito. Ta fara riƙe ƙafar wandona in layi ya daɗe. Kalmarta ta farko kuwa kyanwa ta faɗa wa, da ta zo giftawa ta gabanmu: "Baya!" Sarkin Layi ya yini yana ba da labari, yana cewa uwata ta gaje ni. Matarsa ba ta yi dariya ba.

"Malam, ka mayar mini da gida asibiti," in ji ta. "Yarinya a gidan ubanta tana jiran lamba? Ni so nake ta kama mini zane ta yi mini rigima."

Ya gwada matsar da ita gaba da mutum ɗaya. Ta zagaya da kanta ta koma ƙarshe.

Mun shirya cewa ranar da ma'aikaciyar za ta zo za mu ɓoye layin, amma sai ta faɗo kwana biyu kafin ranar, da tsakar rana, daidai an hura usur. Ta shigo da fayil da ma'auni a hammata, ta nufi ƙofar kicin don ta gaisa. Bakin Sarkin Layi ya riga hankalinsa.

"Baya, Malama!"

Ya miƙa mata kwano. Ita ma don ruɗewa ta karɓa, ta je ta tsaya bayan yarinyar. Daga nan ta ƙirga mu da ido, ta buɗe fayil a kan kwanon ta fara rubutu.

"Kullum haka kuke yi? Manya biyar su ci kafin yarinya?"

"Wani lokaci shida muke, ranki ya daɗe," in ji Mai Aski. Direba ya taka masa ƙafa. Ni kuma ina jin ƙarar biro kamar zarto a kunnena.

Ana cikin haka 'Yar Kwano ta waiwaya. Ta dubi takalman Malama, ta bi su da ido har sama. Sai a lokacin na gane wautarmu: wata uku kowa yana tsayawa a gabanta, ba wanda ya taɓa tunanin tsayawa a bayanta. Ta sake duban gaba, ta sake duban baya. Ta nuna Malama da cokali ta ce, "Baya!" Sannan ta fita daga layi, ta bi ta tsakanin ƙafafun Direba, ta wuce ni ko kallo babu, ta ture gwiwar Sarkin Layi, ta damƙi zanen Mai Ɗinki ta ɗaga kwano.

"Mama, ni!"

Duk muka juya ga Sarkin Layi. Usur yana bakinsa, hannunsa ya riga ya tashi sama da kansa. Ya daɗe a haka. Can ya cire usur ɗin, ya share ido da bayan hannu, ya ce, "A ƙyale ta. Wannan ta san mai rabon."

Malama ta ja layi a kan abin da ta rubuta. Ta zauna aka ba ta labari tun daga farko, ta auna yarinyar sau biyu, kuma ta ci shinkafarta, tunda dai ta bi layi. Bayan sati uku takarda ta zo cewa yarinya ta zama tasu.

Mu kuma aikinmu ya ƙare, Mai Aski har yau yana cewa an sallame shi ba sanarwa. Usur yanzu yana wuyan 'Yar Kwano, tana hura shi duk lokacin da ta ga dama. Jiya da hantsi ta hura, na ajiye guduma na je. Ta jera mu, ta zuba wa kowa yashi da marfin kwalba. Sarkin Layi ya zo zai tsaya a gaba, ta ja shi da wando ta kai shi ƙarshe, ya tsaya can da faranti yana jira.