Na Ƙi Yin Kuka Gaban Bayarabiya, Na Rasa Ƙafata

Edita, a da ni ne mai albasar da ya fi kowa baki a kasuwar Sabon Birni. In na yi dariya, har jakunan Gatawa sai sun ɗaga kunne. Ranar da 'yan bindiga suka tare motarmu a hanyar Isa, harsashi ya shige mani ƙauri, amma ko a gadon asibiti cewa nake wa masu dubiya harsashin ya fi ni jin jiki.

Mai wanke mani raunin wata nas ce Bayarabiya, kuma kun san wasan da ke tsakaninmu Gobirawa da Yarbawa. Da ta shigo sai ta ce ina bawanta, wai yau za ta ji kukan jarumin Gobir. Ni kuwa in ce mata sai dai almakashinta ya yi kuka. To fa ciwon nan ba wasa yake ba. Sai na sa wani ɗan kabu-kabu yana kawo mani ƙwayoyin tramol a ɓoye, in haɗiye kafin ta zo. Kafin in ankara ina watsa su baki kamar gyaɗa, abinci ya fita raina. Ta sha tambayata ko zogi na ƙaruwa, ko ina shan wani abu bayan maganin asibiti, ni kuwa in shafa zanen fuskata in ce garau nake. Aka sallame ni.

A gida ma ban daina ba, don da ƙwayar ta sake ni sai ƙarar bindigar ta dawo mani kunne. Sai da wari ya hana ko kaji shiga ɗakina aka maida ni asibiti. Likita ya ce ƙwayar da rashin abinci sun kassara garkuwar jikina, ta kuma danne zogin da zai nuna masu ƙashi ya fara ruɓewa. Ranar nas ɗin ba ta ce mani bawanta ba. Baba ta kira ni, ta kau da kai. Daga gwiwa aka yanke.

Yanzu ranar kasuwa a zaure nake wuni ina sauraren motoci. Abokan hira sun watse, wasu Sakkwato, wasu Nijar. In abin dariya ya faɗo mani, sai in waiga, babu wanda za ni gaya wa. 'Yan'uwa, in mai magani ya tambaye ku inda ke ciwo, ku faɗa, ko da abokin wasanku ne, ƙwayar da kuke sha ma kada ku ɓoye. Da na yi ihu sau ɗaya, dariya kawai za ta yi mani, in taka in koma gida.