Fiyus Ɗin da Ya Ƙone a Bakin Rafi

A lokacin da wannan abu ya faru ni saurayi ne a Kurugu, ina ɗan kasuwancin gyaɗa, Allah ya buɗa mini na sayi wata tsohuwar mota. Ba ta da kyan jiki, hayaƙinta ma kan riga ta isa gari. Da na ga ba za ta burge ido ba, sai na ce to bari ta burge kunne. Rediyon da ta zo da shi na kaset ne, sautinsa kamar ƙuda a cikin gwangwani, abokaina suna ta yi mini tsiya wai tari yake yi ba waƙa ba. Abin ya tsaya mini a rai. Na wuce Kano, na yini ina zagaya shaguna ina saurare, kowace sifika sai na kara tafin hannu na ji yadda take bugawa. A ƙarshe na zaɓi rediyo mai cin memori, da na'urar ƙara ƙarfin sauti, da wata ƙatuwar sifika wadda ta cinye rabin but, wato wurin kaya na bayan mota. Mai haɗa wayoyin ya sa wani ɗan fiyus kusa da batir, abin da bai kai ɗan yatsa ba, ya ce shi ne zai tsinke idan wuta ta yi yawa.

Tun daga ranar ba a tambayar ko na shigo gari. Kwanukan rufi ne ke ba da labari. Idan na bi ta gonaki, manoma kan ɗago daga kunya su ɗaga mini hannu, kamar yadda ake yi wa duk mai wucewa a wajenmu, ni kuwa in amsa da hon ina jin kaina wani ne. Abu ɗaya ke ɓata mini rai, wato fiyus ɗin nan. Da na ƙure murya sai ya ƙone, kiɗa ya mutu ana tsakiyar daɗi. Wani abokina ya ba ni shawara in cire shi in ɗaure wajen da waya mai kauri, in huta.

Ranar da na yi niyyar yin haka, da damina ce, na buɗe gaban mota ke nan da waya a hannuna sai Inna, mahaifiyata, ta fito da mayafinta. Ta ce in rufe in kai ta wani ƙauye a yankin Fulatan ta Rogo, ƙanwarta ba lafiya, ba za ta jira wasan yara ba. Na roƙe ta ta ba ni ɗan lokaci, ta ce ko na haɗiyar yawu ba za ta bayar ba. Na jefa wayar a aljihu ina gunaguni. Ita dama gidan biki mai taya take kiran motar, don haka tana shiga ta naɗe kunnuwanta da mayafi ta kama carbinta, ni kuma na saki kiɗa.

Akwai wani rafi mai yashi a hanyar, ba gada, motoci kan gangara su tsallake. Sama garau take a ranar, rana tana duka, ko ɗigon ruwa babu. Da muka doshi rafin sai na ga mutanen gonakin gefen hanya suna ɗaga hannu fiye da kullum, hannu bibbiyu. Wani dattijo har ya cire malafarsa yana kaɗawa, wata mai tallar nono ta ajiye ƙwaryarta tana tsalle. Wallahi abin da ya zo mini shi ne yau kiɗa ya ratsa mutane. Na danna musu hon, na miƙa hannu na ƙure murya don in ƙara musu. Nan take fiyus ya ƙone. Na taka birki cikin fushi a daidai kan gangara, ina lalubar wayar nan a aljihu.

A cikin shirun nan na ji shi. Wani ruri ne mai zurfi da ban taɓa jin irinsa ba, yana tahowa ta ƙasa, har sitiyari na rawa a hannuna. Ni da na yi yawon neman sauti mai bugun ƙirji, ranar na san ban taɓa jin sauti ba. Kafin in gane daga ina yake, ruwa ya karyo kwanar rafin, ja wur, ya fi tsayin motata, ɗauke da bishiya sukutum da saiwoyinta a sama. Yashin da zan kasance a tsakiyarsa ya ɓace kafin in ƙifta ido. Inna ta kwance mayafinta a hankali, ta dubi ruwan, ba abin da take maimaitawa sai sunan Allah. Ni ko salati na kasa, sai hawaye.

Dattijon nan ya iso yana haki. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya gaida Inna tukuna, ya yi mata barka da arziki, sannan ya ce an kwana ana ruwa a can inda rafin ya taso, su tun daga gona suka jiyo tahowarsa, sun yi ta ihu har muryarsu ta dushe. Ya tambaye ni me ya tsayar da ni. Na buɗe gaban mota na zaro ɗan fiyus ɗin, baƙi ƙirin, na ɗora masa a tafin hannu. Ya juya shi, ya dubi ruwan, ya ce Allah ba ya rasa ɗan aike.

Har yau ban daina tuna ranar ba. Abin da na fi tsana a motar shi aka sa ya tsare mu, gaggawar Inna da na yi wa gunaguni ita ta hana ni cire shi da hannuna. Ban fasa jin kiɗa ba, ba zan yi muku ƙarya ba, amma ƙatuwar sifikar ta bar but, buhun gyaɗa ya koma wurinsa. 'Yan'uwana masu sha'awar gyara sautin mota, ku zaɓi mai daɗi, amma ku bar wa kunnenku ƙofar da muryar mutum za ta shigo, kada kuma ku ɗaure fiyus da waya. Idan kuka ga mutumin ƙauye ya ɗaga hannu, ku rage murya ku ji, don ba kowane hannu ne na gaisuwa ba. Ranar na zo da mahaifiyata har bakin kabari ina amsa wa masu ceton mu da hon.