Jiƙon Inna da Ɓerayen Alkasim

Kowace safiya Alkasim yakan durƙusa a ƙofar falo, kansa a sunkuye, ya karɓi kofi da hannu biyu. Surukarsa, Inna Fatsuma, takan kawar da kai, kamar yadda ya dace. Shi kuma sai ya juye abin cikin gora ya ce wa matarsa, "Bashira, ki gaya wa Inna zan yi tapau, na sha a makaranta." Tapau a bakin mutanen nan shi ne a ƙulle maka abinci ka tafi da shi.

Jiƙon sassaƙe ne, baƙi wuluk, ɗacinsa har ƙeya. Inna ta zo da shi daga Kazaure cikin buhu lokacin da ta zo zaman jegon Bashira a gidansu na bene da ke unguwar Brickfields, can ƙasar waje, inda ƙamshin turaren Indiyawa ke hawowa tare da ƙarar jirgin ƙasa. Tana sha, tana ba maijego.

Alkasim ɗalibin digiri na uku ne, siriri, mai tafiya kamar yana tsoron taka inuwarsa. Aikinsa bin sawu. Duk abin da jiki ya sha, in hanta ta niƙa shi, yakan bar ɓurɓushi a jini da fitsari. Akwai na'urar da ke karanta wannan ɓurɓushin, ta nuna ko hanta na cikin daɗi ko ta fara kuka a ɓoye. Fararen ɓeraye ne abokan aikinsa. Ranar da ya fara shinshina kofin Inna sai hankalinsa bai kwanta ba, ya nemi izinin malaminsa, gorar ta zama abincin bincike.

Inna kuwa ganin gora na dawowa wayam, sai ta ƙara ƙaunarsa. "Yaron nan ya san abin kirki," in ji ta. Ta ƙara kauri. Ta ƙara wa Bashira kofi na biyu.

Da sakamako ya fito, hantar ɓerayen da suka sha mai kaurin ta fara gajiya. Ɓera ba mutum ba ne, Alkasim ya fi kowa sani. Amma Bashira na shayarwa, kuma kwanan nan ko ƙamshin miya ba ta so. Ga shi tunda ya yi aure bai taɓa haɗa ido da Inna ba, balle ya ce mata maganinta na da illa.

Ran Asabar ya sayo gurasar roti a wajen mamak, mai shagon abinci a ƙasan benen, ya zauna a bakin ƙofa, ya fuskanci firij.

"Bashira, ki gaya wa Inna jiƙon nan ba ni nake sha ba."

Inna na zaune kusa da shi, jaririya a cinyarta. Ta dubi taga. "Tambaye shi, wa yake ba?"

"Ɓeraye," in ji Bashira, tana danne dariya da gefen mayafi.

"Ɓeraye. Ni na tashi da asuba, na yi bisimilla, na tace da ƙyalle mai tsabta, ashe gara nake wa ɓeraye. Ki ce masa sun gode?"

"Ki ce wa Inna ba su da lafiya. Hantarsu ce. Ina roƙon arziki ki dakata da sha, mu je a duba jininki. Da nata ma, in ta yarda."

Inna ta daɗe tana kallon 'yarta, daga idanu har tafin hannu, irin kallon da ake wa tuwon da ake zargin bai nuna ba.

"Shi ya sa kike ture abinci?"

"Ban sani ba, Inna."

"To daga yau kin daina. Ni ma na ajiye, har mu ji abin da likita zai ce. Amma ki faɗa masa buhuna ba zai taɓa ba, da shi zan koma." Ta gyara wa jaririya hula. "Su bayin Allahn, suna iya cin abinci?"

"Kaɗan-kaɗan," Alkasim ya gaya wa firij.

"Da hannuna na kwantar da su, haƙƙinsu na wuyana. Miƙo mini mayafina, dubiya za ni. Me suke so a kai musu? Gyaɗa?"

"Inna, ba a barin baƙi su shiga," in ji Bashira.

"Ni baƙuwa ce? Wata guda ina ciyar da su."

Alkasim ya tuna jibi ne za a yanka su a ciro hantar. Wannan kam ko ta bakin Bashira ba zai faɗu ba. Ya miƙe a hankali, ya ce bari ya kira malaminsa ya ji ko boleh, wato ko zai yiwu, ya zura takalminsa a bai-bai, ya fice.