Accar Saratu

Da za a ba ni ikon goge rana ɗaya daga rayuwata, da na goge ranar da na watsa wa kaji accar Saratu. Ina koyarwa a makarantar mishan a lokacin, ita kuwa 'yar aji uku ce. Ba wanda ya sa ta. Ita da kanta ta bi tsofaffin mata gida-gida tana roƙon irin acca, kowane iri a ɗan ƙoƙonsa, da sunansa a yarensu, ta jera su a bayan aji. Na ce wannan ba ya cikin darasi. Shekara ashirin ke nan abin yana cina.

Kwanan baya na ji ta zama malama a wani ƙauye a gindin dutsen Kagoro. Asuba ta yi mana a tashar Kachia, ni da wani tsohon abokina, muka hau bayan lori kan buhunan citta, muna ta atishawa har Zonkwa. Can muka shiga jirgin ƙasa. Damina ta ja baya, ciyawa ta kai kafaɗa, duwatsu suna iyo cikin gajimare kamar ba su taɓa ƙasa ba. Na yi ta gyangyaɗi, na kasa rabe mafarki da abin da nake gani ta taga.

A Kafanchan wata Bafulatana ta sayar mana da nonon kwabo, ta ƙara ludayi guda don girman furfura. Abokina ya ce ashe tsufa ma yana da riba. Daga nan muka taka da ƙafa.

Mun tarar da yara a warwatse a filin makaranta, kowa da abin da ya zaɓar wa kansa. Wani yana auna inuwar ɗorawa da kara. 'Yan mata biyu suna gina dutsen garinsu da yumɓu, har da rafukansa. Saratu na zaune gefe, ta bar kowa da aikinsa.

Da ta gan ni ta durƙusa. "Baba Malam! Ku ne da kanku? Sannunku da hanya."

Na ce, "Saratu, gafara na zo nema. Kan accar nan."

Ta ce, "Na yafe tun tuni, Baba. Iri tara ne, na sake samun takwas. Na taran kuwa, jan iri ne, kakata kaɗai ke da shi. Ta rasu, kuma ba wanda ya shuka shi bayanta."

Washegari muka kamo hanya. Na iso gida da gafarar da na je nema, amma jan iri ya tafi ke nan, kuma hannuna ne ya watsar da shi. Malamai da iyaye, ina roƙonku: in yaro ya kawo muku abin da ya tattara da kansa, ku tambaye shi sunan abin tukuna. Kada ku yi irin nawa.