Ranar da Na Tuhumi Ladan

Lokacin da nake koyarwa a Isa, duk hutu garinmu Turba nake komawa da waya cike da finafinai: na 'yan sanda da masu kisa, na tsere da mota, da na iyalan da ba su da aiki sai kuka. Gwaggo, yayar mahaifina, ita ce abokiyar kallona. Bayan azahar mukan jingina wayar da turmi a inuwar rumbu. Ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci, amma wannan bai taɓa hana ta yanke hukunci ba.

Finafinan faɗa ba sa burge ta. Ranar da ƙarti goma suka kewaye jarumi, suna zuwa ɗaya bayan ɗaya yana zubar da su, sai ta ce, "Waɗanga layin asibiti suka bi? Su faɗa mishi gaba ɗai mana!" Na kuka kuwa, ta ce matar ta kwana uku tana hawaye amma kwallinta bai motsa ba, kuma ba wanda ya ga ta ɗora tukunya. Duk da haka, da matar ta gane ɗanta da ya ɓace a tasha, na waiga na ga Gwaggo tana share ido da bakin zane. Ta ce hayaƙi ne. Ko ashana ba a ƙyasta ba a gidan.

Finafinan bincike ta fi so. Sau biyu wake yana kamawa a tukunya saboda ta ƙi tashi sai an kama mai laifi, alhali tun farko ta nuna shi da yatsa: "Wancan mai yawan gaisuwa." Abin haushi, ba ta cika kuskure ba. Ta ce masu fim ɗin dabara guda gare su, su ɗora laifi kan wanda ya fi kowa ladabi.

Wata Talata aka wayi gari tunkiyarta ta ɓace, rabon da a gan ta tun jiya da azahar. Na tarar da guntun igiya a turke, na ji ranata ta zo. Na ce, "Gwaggo, ki kwantar da hankalinki, ni za ni gano ɓarawon." Na zagaya turken sau uku hannu a baya. Na auna kowa a unguwa, sai na ga babu mai yawan gaisuwa kamar ladan, dattijon da katangarmu ɗaya da shi.

Na same shi a ƙofar gida yana gyaran kalmensa na noma. Bayan mun gaisa na gyara murya na ce, "Baba, jiya da azahar ina kake?"

Ya ɗago ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Masallaci nike, ina kiran salla. Da ka zo, da ka gan ni."

Dattawa biyu da ke zaune kan tabarma suka kwashe da dariya har ɗaya ya shiga tari.

Kafin in dawo gida Gwaggo ta duba igiyar, ta ga tauna ta aka yi, ba yankewa ba. Ta yafa mayafi ta nufi rugar da ke bayan gari. Can ta tarar da tunkiyar manne da wani ƙaton rago. Mai garken, wani Bafillace da suka daɗe da sanin juna, ya ce tun jiya yake korarta tana dawowa.

Da labarin tambayata ya iso mata, ta riƙe haɓa ta ce, "Kai da anka ba ɗiyan mutane ka koya musu hankali! Mi ladan za shi yi da tunkiya mai tari?" Ta tura ni ba shi haƙuri a gaban dattawan nan biyu. Ya ce ya yafe, amma tunda ina son sanin inda yake da azahar, in riƙa zuwa ina duba da kaina. Haka na ƙare hutun a sahun farko, yana waigowa kullum yana tabbatar da na zo.