Akwatin Waifai da Rigar Baba

Shekarar da Baba ya rasu na sayi akwatin waifai mai kawo intanet, kuma don Inna na saya, ko da yake har yau maigidana yana tsokanata cewa kasuwata ta turaren wuta na yi wa hidima, na fake da tsohuwa. Ina barinsa ya yi ta faɗa, shi bai ga abin da na gani ba.

Baba ɗan kasuwar albasa ne a kasuwar Shasha, nan ƙasar Yarbawa. Daga Kano ya auro Inna ya kawo ta unguwar Sabo tun tana yarinya, a nan ta haife mu duka, a nan ta tsufa. Cikin danginta na can babu wanda ya rage mata sai yayarta, wadda ta goya ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Mu Inna Babba muke ce mata. Kafin rasuwar Baba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita, ya ɗaure mata harshe, don haka ba ta zo gaisuwa ba. Inna kuma ta shiga takaba, babu halin tafiya.

Waya suke yi, amma wace irin waya? Inna Babba za ta yi ta magana, mu nan ba ma jin komai sai gunguni. Inna ta yi ta cewa, "Na'am Yaya? Me kika ce?" har ta gaji ta ajiye, ta juya fuskarta bango. 'Yar Inna Babba da ke jinyarta ta ce mini in dai mutum yana kallon bakinta da hannunta mai lafiya, yana gane abin da take nufi, saboda haka kiran bidiyo ya kamata mu yi. Ta kuma ƙara da abin da ban so ji ba: jikin kullum baya yake yi.

Ni ban gaya wa Inna wannan ba, amma ta sani. Wata rana ina shafa mata man zafi a gwiwa ta ce, "Tsorona kada in fita takaba in tarar ba ta nan. Ko sau ɗaya ne in ga idonta mu gaisa."

Wanda ya san tsofaffin gidajen Sabo ya san matsalar. Ɗakuna a cushe, bango mai kauri, ga benen maƙwabta ya tokare mu ta gabas. Sabis ba ya shiga ɗakin Inna sai ya ga dama. Mu yaran gida ƙofar gida muke fita mu amsa kira, to mai takaba za a tsayar a bakin titi, 'yan acaba na wucewa, tana kuka a gaban waya?

Ana cikin haka na ga wata yarinya Bayarabiya a ƙarƙashin lema a unguwar Mokola, ta jera fararen akwatuna, tana kiran masu wucewa. Wai garabasa ake yi, an karya kuɗin akwatin, kuma datar wata-wata ma da rangwame. Na tsaya na yi ta ciniki da Yarbanci kamar mai sayen tattasai a kasuwar Bodija, har ta kwashe da dariya ta ce, "Anti, ai farashin kamfani ne, ba nawa ba." Da zan tafi ta ja mini kunne: a ɗora shi sama, kusa da taga, kada a rufe shi da komai. Na ce mata to, na kama hanya.

Na dasa shi a kan teburin Inna, fitilunsa suka kama, biyu kore. Na koma gidana ina jin kaina kamar injiniya. Washegari na dawo da shirin kiran Kano, na duba tebur wayam.

"Inna, ina akwatin?"

"Na adana miki shi."

Ɗakin Inna irin na matan da ne. Kabet guda cike da jeren kwalla da samira da tangaran, tun na aurenta, kullum a goge suna sheƙi. Na bi wayar wuta da ido har ta kai ni ga babbar kwallar nan mai zanen furanni, wadda Inna ke ajiye abin da take ji da shi. Na ɗaga murfi. Ga akwatina kwance, an naɗe shi da saƙaƙƙen ƙyalle kamar jariri, fitilarsa ta koma ja.

Na ce, "Haba Inna! Cikin kwanon ƙarfe? Har da murfi?"

Ta ce, "To a bar abu mai tsada a tsirara ɓera ya hau? Kuma na taɓa shi na ji zafi, shi ya sa da rana na kashe shi ya huta."

Ni mai saurin hawa ce, kowa a gidanmu ya shaida, amma ranar dariya ce ta ci ƙarfina. Na zauna a ƙasa na yi ta yi har hawaye, ita ma ta murmusa, murmushin farko da na gani a fuskarta tun rasuwar. Na yi mata bayani cewa wannan abu iska yake sha, ba ya son lulluɓi. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin kayan ɗaki marar kunya irinsa ba.

Muka mayar da shi kan tebur. Kwana kaɗan sai ya fara jan ƙafa, ko hoto ɗaya ba ya buɗewa sai ka gaji da jira. Na duba a wayata na ga jerin wayoyin da suka hau kansa, na rantse har da waɗanda ban san masu su ba. Ashe Inna ta juya akwatin ta nuna wa matan da suke zaune gida ɗaya da ita lambar sirrin da ke ƙasansa. Mai awara ta hau, mai ɗinki ta hau tana kallon sababbin yayi, amaryar ɗakin ƙarshe tana ɗora hotunan atamfofin da take sayarwa daga safe har yamma.

Nan kam raina ya ɓaci. Na ce yanzu-yanzu zan canza lambar, kowa ya je ya sayi nasa, ai garabasar ba ta ƙare ba. Inna ta bari na gama zuba, sannan ta ce, "Tun ranar da aka fita da Malam ban hura wuta a gidan nan ba. Su ke girka mini, su ke ɗebo mini ruwa. Yanzu abin da ko ganinsa ba a yi, shi zan hana su? Ba da ni ba."

Na fito tsakar gida ina ƙunƙuni, kuma da gangan na ɗaga murya. Mai ɗinki ta ji. Ta tsayar da kekenta ta tambaye ni abin da ya faru, na gaya mata ba tare da na saya ba. Ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, e jo, ki yi haƙuri, wallahi ba mu sani ba. Mun ɗauka kamar rediyo ne, kowa ya saurara ba ya rage wa wani." Ita da kanta ta tara matan suka yanke shawara: daga sallar la'asar zuwa magariba lokacin Inna ne. Kullum da an sallame sai ka ji ta tana bi ƙofa-ƙofa tana cewa, "A sauka, a sauka!" kamar kwandasta a tashar Ojoo. Har yau in na tuna ina jin kunyar ƙunƙunin nan, ina kuma jin ƙaunar matan.

Ranar da muka fara gwadawa, Inna ta yi wanka ta gyara ɗaurin ɗankwalinta kamar mai jiran baƙo. Kira ya shiga. Fuskar Inna Babba ta fito, ta rame, bakin ya karkace gefe guda. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai hoton ya daskare a haka, ido a buɗe, babu motsi. Ni na san sabis ne ya yanke. Inna ba ta sani ba. Ta damƙe wayar tana kira, "Yaya! Yaya!" da wata murya da ban taɓa ji daga gare ta ba, ta fara salati. Da ƙyar na shawo kanta, sai da na kira Kano da murya aka tabbatar mata Inna Babba na nan da ranta. Ta ture wayar ta ce kada in ƙara nuna mata wannan abu.

Na yi fushi da akwatin, na yi fushi da kamfanin, na yi fushi da benen maƙwabta. Da na huce sai maganar yarinyar Mokola ta dawo mini: sama, kusa da taga. Na ari doguwar wayar wuta a wajen mai ɗinki, na ɗauki akwatin na shiga zagaye ɗaki da shi ina kallon fitilu. Bakin ƙofa ɗaya. Kan kabet biyu. Bayan gado ja. Inna na zaune kan darduma tana jan carbi, ta yi kamar ba ta ganina.

Taga ɗaya ce a ɗakin, 'yar ƙarama, can sama, tana kallon yamma inda babu bene. Na taka kujera na miƙa akwatin gefenta, sai fitilun suka cika, kore shar gaba ɗaya. Na sauke shi kaɗan suka ragu. Na mayar suka dawo. Wurin nan ne kawai, kuma a daidai wurin akwai ƙusa guda a jikin katakon tagar, wadda Baba ya kafa da hannunsa. A kanta babbar rigarsa take rataye, shuɗiyar da ya dawo da ita daga kasuwa ranar da ciwo ya kama shi. Da aka tattara kayansa don rabo, Inna ta ce a bar mata wannan a cikin kasonta, kuma kada kowa ya sauke ta. Ko shara ake yi ba a matsar da ita. Ina tsaye kusa da ita ina jin ƙanshin albasa da turarensa.

Na gwada kafa wata ƙusa a bangon gefe, tsohon siminti ya yi ta zubowa, ta ƙi zama. Ɗora akwati a kan rigar kuwa ban ma fara ba. Don haka ban ce wa Inna komai game da ƙusar ba. Na dai roƙe ta mu sake gwadawa sau ɗaya, na yi mata alkawarin in ya ƙara daskarewa zan mayar da shi Mokola.

Washegari bayan la'asar mai ɗinki ta yi shelarta, gida ya yi tsit. Na hau kujera na ɗaga akwatin sama da kaina, Inna ta riƙe waya. Fuskar ta fito tar, har ana ganin tsagen kumatun Inna Babba. Suka tsaya suna kallon juna. Ni kuma hannuna ya fara gajiya. Na canza hannu, na cije, kafaɗata ta ɗauki zafi, a hankali hannun ya sauko ban sani ba. Hoton ya tsaya.

Wannan karon Inna ba ta firgita ba. Ta ɗago ta dube ni a kan kujera ina haki, ta dubi inda nake ta miƙa hannu, ta dubi ƙusar. Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ce in sauko. Ita ta hau kujerar, ina riƙe da ƙugunta, ta sa hannu biyu ta zare rigar a hankali.

"Malam ba zai hana ni ganin Yaya ba," in ji ta. "Rataya abinki."

Na ɗaure akwatin da igiya na rataye shi. Ta koma kan darduma ta ɗora rigar a cinya, muka sake kira. Inna Babba ta dubi ƙanwarta, idonta ya sauka kan rigar, ta gane ta. Ta ɗaga hannunta mai lafiya ta dafa ƙirjinta, bakinta ya motsa. Ni gunguni na ji kamar kullum. Inna kuwa ta gyaɗa kai, hawaye na zuba, ta ce, "Na gode Yaya. Haƙuri sai ma'aiki. Amin, amin." Gaisuwar rasuwa ce ake yi mata, wadda ta yi ta jira tun ranar farko. Na fita tsakar gida na ba su wuri, na tarar da matan gida zaune jugum a bakin ƙofofinsu, kowace da wayarta a kife.

Daga ranar kullum bayan la'asar suna tare. Wani lokaci har dariya nake jiyowa, Inna na ba ta labarin yadda ta lulluɓe akwati a kwalla. Inna Babba ta rasu saura kaɗan Inna ta fita takaba. Abin da Inna ta ji tsoro ya faru, ta yi kuka sosai, amma da na zo rarrashinta ita ce ta ce mini, "Ai mun gaisa. Mun yi sallama ma."

Akwatin yana nan a kan ƙusar Baba, matan gida suna hawa, yana jan ƙafa, ina mita, babu mai kula ni. Kwanaki ina taya Inna goge jere na ɗaga murfin babbar kwallar nan mai furanni. Rigar ce a ciki, a ninke, an naɗe ta da saƙaƙƙen ƙyallen nan. Na mayar da murfin na ci gaba da goge sauran.