Yadda Inna Ta Kasa Zaɓen Atamfa

Mahaifiyata ta yi shekaru tana sayar da atamfa a cikin gida, a Illela. Daga Konni ake kawo mata kaya a bayan babur. Mata kan zo tun daga Araba in za su haɗa lefe, ba don kayanta sun fi na kasuwa araha ba, sai don idonta. Za a baje turmi goma a tabarma, ta murza bakin kowanne da yatsu biyu, ta ce, "Wanga za ki ɗauka." Ba mai jayayya.

Wata safiya hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu. Muka yi mako uku a asibiti a Sakkwato. Hannu ya dawo, magana ta dawo, ba jikan da ta manta sunansa. Muka gode wa Allah, muka komo gida.

Ba a jima ba wata maƙwabciya ta shigo sayen zane, ta ware turmi biyu. Inna ta murza su, ta ce wannan ba ya zuba, wancan ya fi kauri, wannan ya fi haske, wancan zai fi jure wanki.

Matar ta ce, "To Inna, wanne zan ɗauka?"

Inna ta sake farawa daga farko. Har aka kira la'asar tana juya su a cinyarta. Matar ta ce za ta dawo, ba ta kuwa dawo ba.

Da muka koma ganin likita na gaya masa. Ya taɓa goshinsa ya ce a nan ciki akwai wurin da ke haɗa kyau da ƙarko da sha'awa, ya auna su wuri guda, har mutum ya ji wannan ya fi masa wancan. Ya ce saninta na nan, awon ne ya taɓu. Na tambaye shi ko zai dawo, ya ce mu yi ta addu'a.

Daga nan komai ya dawo kaina, don ni ce 'yarta da ke aure kusa. Koko ko fura, ɗaki ko inuwa, ta je gaisuwar rasuwa ko ta zauna. In na tambaye ta sai kokon ya huce a gabanta. Wata rana na gaji, na ɗaga mata murya.

"Inna, mi kika so? Ki faɗi ɗaya kawai."

Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, duk ɗaya nika jin su."

Na fita bayan ɗaki na yi kuka, na wanke fuska, na dawo na dama mata fura.

Ragowar atamfofin kuwa, ƙanena ya kai su kasuwa ranar Lahadi ya sayar. Yanzu abu ɗaya nake kawo mata, ba na tambaya. Tana karɓa, ta sa mini albarka. Kullum ina tafiya gida ban sani ba ko abin da take so na ba ta.